Rumbun da Na Liƙe wa Hajara

Markar bana ta zo da naci. Tun makon jiya rana ba ta leƙo unguwarmu ta Akurba, nan garin Lafiya, ba. Rigar da na shanya a igiya ta fi lokacin da na wanke ta jiƙa, ashana ta ƙi kamawa, gishiri ya narke a cikin gwangwani. Ni kaɗai ne a gidan, daga ni sai rediyo sai ciwon gwiwa. Ga shi kuma 'yata ta cika mini rumfar tsakar gida da buhunan shara.

Shara mana, to me zan kira shi? Ɓawon rogo ne da ɓawon doya da buntun shinkafa, abin da ko akuya sai ta ga dama take sa masa baki. 'Yar tawa malama ce a jami'a. Ita ce ta fari, kuma sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka bakina bai taɓa furta shi ba. Dakta nake ce mata, yadda ɗalibanta suke faɗa. Ta ce wurin aikinsu babu inda za ta ajiye kayan, in taimaka in riƙa juya mata su kada su jiƙe. Da na tambayi abin da za ta yi da su, sai ta ce wai funfuna za ta shuka a kai.

Na ce, "Dakta, funfuna kuma har shuka ta ake yi? Wadda take zuwa ba gayyata?"

Ta yi dariya, ta zauna a bakin tabarma ta yi mini bayani dalla-dalla, ita dama akwai haƙuri. Wai za su niƙa ɓawon, su turara shi har duk wata ƙwayar cuta ta mutu, sannan su zuba irin funfunar da suka zaɓa, su rufe. Ita kuma ta yi ta ci tana yaɗo har ta lulluɓe shi kamar auduga. Sai su kwashe ta, su dafa da ruwan soda mai ƙarfi, su wanke, su jiƙa a wani ruwa mai tsami, su tace, su busar. Abin da ya rage wani gari ne, kitosan sunansa. Da can daga ɓawon ƙaguwa da jatan lande ake samunsa, mu kuwa ina muka ga teku a Lafiya? Garin nan, in ji ta, yana kwantar da laka a ruwan sha, ana sa shi a ciwo, in kuma aka shafa wa tumatir ko mangwaro ko doya sai su daɗe ba su ruɓe ba. Wato daga jikin funfuna ake cire maganin ruɓa. Na ce ikon Allah.

Shekaranjiya na je juya buhunan, na tarar ɗaya ya sha feshin ruwa ta gefe. Ina kwance bakinsa wani ɗumi ya bugi fuskata, da wari mai zaƙi-zaƙi mai hawa kai. Ban san lokacin da na zauna a kan turmi ba. Na san warin nan. Shekara arba'in da wani abu ke nan, amma hancina bai manta ba.

Ni mutumin ƙasar Katsina ne. Fari ne ya koro ni, kamar yadda ya koro mutane da yawa a shekarun nan. Iyayena sun riga sun rasu, 'yan'uwa kowa ya kama gabansa, na hau motar shanu na sauka Lafiya da fartanya da ƙullin tufafi. Nan inda nake zaune yanzu, da gidajen bulo ko'ina da masu babur suna cika wa mutum kunne, lokacin daji ne, ciyawa ta fi mutum tsawo. Mai unguwa ya yanka mini fili. Maƙwabcina ɗaya tal, wani ɗan ƙabilar Tibi mai suna Terna, da matarsa da muke kira Mama. Shi ya koya mini noman doya, tun daga yadda ake tara tulin ƙasa da babbar garma har yadda ake ɗora wa kowane tuli hular ciyawa don kada rana ta dafa irin. Bai taɓa kiran sunana ba, Bakatsine yake ce mini.

A kasuwar Agyaragu na ga Hajara tana sayar da man gyaɗa. Na sayi man da ba ni da abin soyawa da shi ya fi sau nawa kafin in iya buɗe baki. Mahaifinta, Baba Ari, bai so ba. Ba wai ya ƙi ni don wani hali ba ne. Cewa ya yi baƙo ne ni, ba uwa ba uba, ba wanda za a kai wa ƙara in na saɓa. Ita ta nace, aka ba ni. Muka zauna a ɗaki ɗaya na jinka, da madafa a gefe. Ita ce take cika gidan. Tana daka tana magana, tana shara tana magana, in ba kowa sai ta yi da kaji.

A shekarar nan doya ta yi kyau. Na samu dawa daidai gwargwado, Hajara ta fere rogo ta shanya ya bushe ƙarau. Tana da ciki wata bakwai iyayenta mata suka zo suka tafi da ita gida, yadda aka saba a haihuwar fari. Da za su tafi, Baba Ari ya aiko a gaya mini cewa in ta yi arba'in shi da kansa zai zo ya ga abin da za ta ci ita da abin da ta haifa, kafin ya bari ta dawo. Maganar ta ƙona mini rai. Na ce zai gani kuwa.

Sai na gina rumbu irin na garinmu. Na ƙasa, mai ƙaton ciki da ƙaramin baki, na ɗora shi a kan duwatsu, na yi masa yaɓe sumul. A garinmu haka kakana yake yi: a zuba hatsi, a rufe baki, a liƙe da laka, ko ɓera ko ƙwaro ko iska ba mai shiga, a shekara biyu a buɗe a tarar da shi kamar jiya aka zuba. Na jera dammunan dawa a ƙasa, na ɗora buhunan busasshen rogo. Sannan na zaɓi manyan doyoyin nan, waɗanda suka fi cinyata kauri, na shirya su a sama. Terna yana tsaye yana kallona, ya riƙe ƙugu.

"Bakatsine, doya ba hatsi ba ne," in ji shi. "Doya yana numfashi kamar mutum. In ka rufe shi zai yi zufa."

Nasu a ƙarƙashin inuwa suke jerawa, a kan itace, a rufa ciyawa sama-sama iska tana ratsawa. Ni a ganina lalaci ne ya hana su gini. Ga awaki, ga ɓeraye, ga masu ɗan hali, a bar abinci a fili? Na ce masa mu da muka gaji ajiya tun kaka da kakanni ba za a koya mana rumbu ba. Ya ɗaga kafaɗa ya tafi. Na liƙe bakin da laka, na ɗora jinka, na yi alkawari tsakanina da Allah ba zan buɗe ba sai ranar da Baba Ari ya tsaya a gabansa.

Wanda bai yi bazara a Lafiya ba bai san zafi ba. Namu na arewa busasshe ne, ka shiga inuwa ka huta. Na nan jiƙaƙƙe ne, yana bin ka har inuwar, zufa ba ta bushewa, tabarma tana manne wa baya. Ƙananan doyoyin da na bari a waje na dasa wasu, na cinye sauran. Daga nan na koma garin kwaki da ƙuli-ƙuli, sau biyu a yini, daga baya sau ɗaya. Ban iya tuƙa tuwo ba. Na gwada, ya fito da gudaji kamar tsakuwa, na ci abina haka nan don ba mai gani balle ya yi dariya. Da asuba in ɗebo ruwa a rafi, in tafi gona, in dawo in hura wuta, in share tsakar gidan da ba wanda ya ɓata. Kajin ma sun daina zuwa bakin ƙofa, sun ga ba mai kula su. Da la'asar sai in jingina da rumbun nan in zauna, cikina yana kuka, raina kuwa fari tas, don na san abin da ke bayana. Nakan ji jikinsa da ɗumi ko rana ta faɗi, in ce ai zafin yini ne ya riƙe. Na ga tururuwa suna zagaya gindinsa, na zuba musu toka.

Da ruwan farko ta haihu. Na je suna da ɗan akuyana, aka yi addu'a a ƙofar gida, aka raba goro. Ban ga jaririyar ba, ban ga uwar ba. 'Yar fari ce, namiji mai kunya ba ya tambaya, kuma ni ba ni da gwaggo ko yaya da za ta shiga ciki ta fito ta ce mini ta yi kama da wane. Mama matar Terna ce ta bi ni, ita ta shiga, ta fito ta ce yarinyar tana da dogayen yatsu irin nawa. Na yi kamar ban ji ba. A hanya ina tuƙa keke ina kallon yatsuna.

Damina ta kankama, aka yi arba'in. Ranar da Baba Ari zai zo na share gida har bayan ɗaki, na aro kujera wurin Terna. Ya iso da hantsi, shi da ƙanwarsa, ana yayyafi. Muka gaisa, ya sha ruwa, ya ce to. Na sauke jinka, na hau kan turmi, na sa fartanya na fasa lakar. Ina ɗaga murfin, ɗumin nan ya taso, da warin. Ƙanwar tasa ta ja mayafi ta toshe hanci.

Na leƙa. Ban ga doya ba. Wani farin abu na gani kamar an shimfiɗa auduga, da kore-kore da baƙi-baƙi a jikinsa. Na sa hannu, hannun ya nutse har wuya cikin abu mai laushi mai zafi. Doyar ta yi zufarta kamar yadda aka gaya mini, ta ruɓe, ruwanta ya tsiyaye cikin rogon, daga rogon ya sauka kan dawa. Rogon ya dunƙule ya zama baƙi. Dawar wata ta tsira ta mutu, wata ta zama gari. Na yi ta tonowa ina zubarwa ƙasa, ina cewa na ƙasan zai yi kyau, na ƙasan zai yi kyau, har na kai gindi. Duk watannin nan da nake jingina da shi ina jin yunwa, taki nake gadi.

Wallahi da Baba Ari ya zage ni da na fi jin daɗi. Bai zage ni ba. Ya daɗe yana kallon tulin, sannan ya ce, "Allah ya mayar da alheri. Mai jego ba ta zama inda babu tuwo. In sabuwar doya ta fito, ka zo mu yi magana." Na raka su bakin hanya, hannuna yana ɗigar da baƙin ruwa.

Terna bai ce ai na gaya maka ba, kuma har ya bar unguwar nan ya koma wajen Assakio bai taɓa faɗa ba. Kwando ya ɗauko, muka kwashe ruɓaɓɓen muka zuba bayan gida, kan tarin tattakar shinkafar da Mama take ajiyewa.

Daga nan yunwa ta gaske ta shigo, don lokacin kowa nasa ya ƙare, na gona bai nuna ba. Marka ta sauka irin ta bana. Sama ta rufe ruf, ruwa ba ya tsugewa ba ya ɗaukewa, sai dai ya yi ta zuba siriri tun safe har yamma. Itace ya jiƙe, in ka hura wuta hayaƙi ne kawai da hawaye. Bangon ɗaki ya yi kore daga ƙasa. Takalmin fatar da na yi aure da shi ya yi funfuna, tabarma ta yi, har zanen Hajara da ta bari a kan igiya ya yi ɗige-ɗige. Na wanke shi na rasa inda zan shanya. Ina yin ƙwadago a gonakin mutane a biya ni da mudun gari, in dawo in yi nawa noman da sauran ƙarfin da ya rage. Na ci tafasa, na ci rama ba ƙuli, na ci ɗanyen mangwaron da ya makara. In na sunkuya cire ciyawa na ɗago, sai gonar ta juya.

Wata safiya Mama ta kira ni bayan gida. Kan tulin nan na abincina da ya ruɓe, wasu abubuwa sun fito cunkus, farare da ruwan toka, kamar ƙananan laimomi. Ta ce naman kaza ne, mai kyau, ta san shi, miya za ta yi. Na ce Allah ya kiyaye, mu a garinmu laimar kwaɗi muke ce wa wannan, ko yaro ba ya taɓawa. Ta ce to Bakatsine, zauna da girman kanka. Da azahar ƙamshin ya ratso zana. Na daure, na daure, na kasa. Na je na tsaya ina tambayar Terna wata maganar banza a kan garma, ita kuwa ba ta ko kalle ni ba ta turo mini kwano. Na ci, na suɗe. Iyakar abin da na ci ke nan daga rumbun da na gina, kuma sai da ya bi ta bayan gida.

Ranar Juma'a nakan hau keke in tafi Agyaragu, laka tana cika taya in sauka in ƙwaƙule da tsinke. In yi sallama, a shimfiɗa mini tabarma a zaure, in gaida Baba Ari, mu yi maganar ruwa da ta gona. Ba na tambayar ta, shi ma ba ya ambata. Wani lokaci in ji kukan jaririya daga ciki, in ji muryar Hajara tana rarrashi, tana yi mata surutun nan nata. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Akan fito mini da kunu a kwanon sha mai murfi, kuma daga yadda aka sa tsamiya na san hannun wa ya dama. In sha, in yi godiya, in hau keke. Kewa ta fi yunwa ciwo, ni dai na gwada su biyun a lokaci ɗaya. Yaran yanzu matar tana asibiti miji yana gefenta yana ɗaukar hoto a waya. Dakta ma mijinta a gabana ya saɓa ɗansu na fari a kafaɗa yana kiran sunansa. Sha'awa ma suka ba ni.

Na riƙa zagaya gonar doya kamar mai jinya. Ganye ya yi duhu, tuli ya fara tsagewa. Terna ya ce in ƙara haƙuri kaɗan, in na yi gaggawa zan tono ruwa. Wannan karon na ji maganarsa. Juma'a biyu ban je Agyaragu ba, don rafin hanya ya cika ya shanye gada, kuma na ce ba zan sake zama a zauren nan hannu wofi ba.

Ranar da muka tona, rana ta fito, ruwan rafin ma ya ja. Doya ta yi, fara sol, sai ka sa hannu biyu kake ɗaga ɗaya. Mama ta yi guɗa. Na zaɓi waɗanda suka fi kyau na ɗaure a bayan keke da igiyar roba har taya tana lotsawa, na sa takalmin aurena da na goge da man gyaɗa. Mama ta ce ita za ta share ɗakin ta kunna turare kafin mu iso. A hanya ina ta shirya abin da zan faɗa wa Baba Ari, ina kuma tunanin yadda za a yi da kayanta, ko sai na nemi mota.

Tun daga kan kwana na hango mutane zaune a ƙofar gidan, an shimfiɗa tabarmi har bakin hanya. Na sauka daga keken ina turawa. Ba wanda ya dube ni sosai. Wani tsoho ya taso ya riƙe mini kan keken, ya ce sun aika mutum tun jiya, ruwa ya hana shi ƙetarewa. Hajara ce, zazzaɓi ne, kwana kaɗan ta yi. An kai ta da safe.

Ban yi kuka a wurin ba. Na tsaya ne riƙe da sirdi, ina jin kada in saki keken ya faɗi doyar ta fashe. Wasu suka kwance ta suka shiga da ita ciki. Doyar da na kawo a ba ni matata, ita aka dafa wa masu zaman makoki da rana.

Da mutane suka ragu Baba Ari ya kira ni zaure. Ya tsufa a mako biyu. Ya ce tun ranar da suka dawo daga ganin rumbu ta ɗaure kayanta, ta ce abin da nake ci shi za ta ci, shi ya hana. Kowace Juma'a in na tafi sai ta sake roƙonsa.

"Na ce ina tsare ta daga yunwa ne," in ji shi. "Ga shi a gidana da abinci ta tafi. Ka yafe mini, ɗana."

Bai taɓa ce mini ɗana ba sai ranar. Ya leƙa ciki ya yi magana, ƙanwarsa ta fito da jaririyar a zane. Na sunkuyar da kai yadda aka saba, ya ce in bar wannan, in karɓa. Na karɓa. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta buɗe ido ta dube ni, ba ta san ni ba, ta fara kuka. Na rasa yadda ake yi, na yi ta jijjiga ta ina cewa yi shiru, yi shiru, ba ni da sunan da zan kira ta da shi. Ƙanwar ta ce nono take nema, akwai matar ɗansu da ke shayarwa, a nan za ta zauna. Gaskiya ta faɗa, ni me zan ba ta? Na miƙa ta.

Bayan addu'ar uku na hau keke na koma. Ya yi sauƙin tuƙi, ba kaya. Na tarar Mama ta share ɗakin tun ranar, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta jera kwanuka biyu a bakin murhu.